Yadda zaka yi aikin ƙafar gaban tsohuwar motar sifot da hannunka

Kafin ka ɗauki sifana ko ɗaya, ka fara sanin wace irin ƙafa ce a gaban motarka, domin waɗannan ƙananan motocin masu kujera biyu na da, irin su MGB da MG Midget da Triumph Spitfire da TR6, daga nesa duk kamarsu ɗaya, hannu biyu ne sama da ƙasa da sifirin a tsakani, amma yadda ake kwance su ya sha bamban, kuma wanda ya bi hanyar MGB ya je kan Spitfire zai iya jin ciwo. MGB da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980 tana da kinfin, wato doguwar sanda wadda tayar ke juyawa hagu da dama a kanta in an murɗa sitiyari, sannan shokozobarta irin mai hannu ce ta kamfanin Armstrong, ita ce kuma take zama hannun sama gaba ɗaya, sifirin kuma yana zaune shi kaɗai a kan wani faranti da ke ɗaure a hannun ƙasa. Spitfire, ita ma 1962 zuwa 1980, ta gaji ƙafarta ne daga Triumph Herald: bol joyin a sama, a ƙasa kuma wani ƙoƙo na tagulla mai zare a ciki da ake kira tironiyan, sifirin da shokozoba kuma a haɗe suke wuri ɗaya. Idan taka irin Lotus Seven ce ko Caterham da suka karɓi ƙirar a 1973, toh akwai yiwuwar ƙarfen da ke riƙe tayar na Triumph ne, wasu motocin haɗi kuma, wato waɗanda ake sayen kayansu a haɗa a gida, na Ford Cortina ko Sierra aka sa musu, sai ka leƙa ka gani da idonka.

Abu ɗaya da nake so ya zauna maka a kai tun daga farko har ƙarshe: a kowane lokaci ka tambayi kanka, yanzu nauyin motar da ƙarfin sifirin a kan me suke? Duk haɗarin aikin nan da duk kuskuren da ke sa sabon bushin ya mutu cikin ɗan lokaci, daga rashin amsa wannan tambayar suke fitowa.

Gano ciwon kafin kwancewa

Kar ka sayi komai tukuna. Ka ɗaga gaban motar yadda tayar zata bar ƙasa, a MGB ka sa jak ɗin a ƙarƙashin farantin sifirin saboda nauyin sifirin ya sauka daga kan kinfin, in ba haka ba ƙarfin sifirin zai matse komai ka ga kamar babu wasa alhali akwai. Ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza da ƙarfi. In kaji tana ƙwas ƙwas, ka sa wani ya shiga ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Wasan ya ɓace? Boris ne, wato ƙwayoyin ƙarfen da tayar ke gudu a kansu. Wasan yana nan? Toh kinfin ne ko tironiyan ko bol joyin ko bushin. Sannan ka kama ta hagu da dama ka girgiza, wannan kuma tayarod ne ko shi kansa rak ɗin sitiyari. Mai girgizawa daban mai kallo daban ya fi, shi mai kallon ya ɗora yatsa a kan kowace gaɓa, yatsa yana jin motsin da ido ba ya gani.

Ka ɗauki dogon ƙarfe ka ɗan banƙara hannun ƙasa a inda ya haɗu da jikin motar, bushin da ya mutu zaka ga robar ta tsattsage ko ta kumbura ta yi laushi saboda man inji da ke ɗiga mata shekara da shekaru. Ka duba tayoyin ma, in gefe ɗaya ne ya cinye, ko in ka shafa hannu kaji kaifi ta ɓangare ɗaya, alaimen ya tafi. Ka auna tsayin motar daga tsakiyar taya zuwa bakin madigadi hagu da dama a wuri mai daidai, in ɗaya ya fi ɗaya sauka sosai sifirin ya gaji, kuma sifirin da shokozoba bibbiyu ake canza su, ba a canza gefe ɗaya.

Ni shawarata in ka ga abu biyu sun lalace a gefe ɗaya, ka kwance duka kawai ka yi shi gaba ɗaya, domin wahalar tana wajen kwancewa ne, kayan kansu ba su da yawa.

Kayan aiki

Motocin Ingila na wancan lokacin da inci aka ɗaura su, zaren UNF, wato siririn zaren bol na inci, don haka sifanar milimita ba zata zauna daidai ba, zata shiga kamar ta yi sai ta cinye kan notin. Ka nemi 7/16 da 1/2 da 9/16 da 5/8 da 3/4, na baki da na zobe da soket. Jak mai taya wanda yake sauka a hankali in ka murɗa, ba wanda zai saki lokaci ɗaya ba, wannan yana da muhimmanci sosai a MGB. Matokaran ƙarfe guda biyu aƙalla, ba bulo ba, bulo yana fashewa ba tare da ya yi maka sallama ba. Abin raba bol joyin, guduma biyu, zarton ƙarfe, burushin waya, man sassauta tsatsa, bindigar giris, sifanar auna ƙarfin ɗauri, da littafin gyara na ainihin motarka da shekararta saboda adadin ƙarfin kowane noti yana ciki. Sababbin noti masu roba a baki da sababbin kotafin, wato ɗan ƙarfen da ake zurawa a ramin bol a lanƙwasa don noti kar ya kwance, tsofaffin in an kwance su sun gama aiki. Kuma in bol ya lalace kar ka je ka ɗauko kowane bol na milimita da ya yi kama ka zura, na ƙafa masu ƙarfi ne na musamman kuma tsawon wuyansu marar zare an auna shi.

Kwana biyu ko uku kafin ranar aiki ka goge duk notin da burushi ka fesa musu mai, ka sake fesawa washegari. Ka ɗauki hoto da waya ta kowace kusurwa. Kuma gefe ɗaya zaka fara ka gama, ɗayan ka bar shi a haɗe, shi ne zai zama malaminka lokacin da ka riƙe washa biyu ka rasa wacce ce ke shiga ciki.

Ɗagawa da cire birki

Wuri mai daidai mai tauri, ka ja birkin hannu, ka toshe tayoyin baya. Ka sassauta notin taya tun motar tana ƙasa. In mai tayar waya ce da ake bugun notin tsakiya da guduma, ka duba kibiyar da ke jikin notin, domin gefe ɗaya zarensa a juye yake, in ka bi yadda ka saba ƙara ɗaurewa kake yi. Ka ɗaga, ka sa matokarai a ƙarƙashin shasi a wuri mai ƙarfi wanda tsatsa bata ci ba, ka sauke motar a kansu ka girgiza ta da hannu ka tabbatar ta zauna.

Kalifar birki bol biyu ne ke riƙe da ita ta baya, wani lokaci da ɗan faranti da aka lanƙwasa a kan bol ɗin sai ka miƙe shi. Ba sai ka kwance tiyon mai ba, ka zare ta ka rataye da waya a jikin motar, kar ka bari nauyinta ya rataya a tiyo ko na minti ɗaya. Ƙurar da ke wajen kar ka hura ta da iska, tsofaffin fad na da akwai masu asbestos a ciki, wani abu da ƙurarsa ke cutar da huhu, ka jiƙa tsumma ka goge. Sannan ka kwance ƙaramar sandar da ta haɗa ƙarfen hana tangaɗi da hannun ƙasa.

Tayarod kuma ka sassauta notin kulle da ke bayansa tun yana haɗe, ya fi sauƙi. Ka kwance notin ƙasa amma ka bar shi a bakin zaren, ka sa abin rabawa ka matse har ya yi ƙara ya saki. In babu abin rabawa, ka dafa guduma ɗaya a gefen idon da ya shiga, ka bugi ɗaya gefen da ta biyun, bugu mai kaifi, ba kan zaren ake bugu ba. In zaka canza shi ka ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, ka rubuta, sabon ma ka mayar da shi haka, wannan zai kai ka kusa da daidai kafin a auna.

Sifirin, inda ake bin abu a sannu

Sifirin da ke matse a gaban mota yana riƙe da ƙarfin da ya kai ɗaruruwan kilo, ko motar tana sama tayar na lilo bai gama sakin ƙarfinsa ba.

A MGB nauyin motar ne kake amfani da shi a matsayin abin matsewa. Ka sa jak a ƙarƙashin farantin sifirin, can wajen bakinsa na waje, ka ɗaga har ka ga hannun shokozoba ya rabu da robar da yake zama a kai, amma kar ka ɗaga har motar ta tashi daga kan matokari. Yanzu ƙarfin sifirin yana kan jak ɗinka, ba ya kan kinfin. Ka zura sarƙa ko igiya mai ƙarfi ta cikin sifirin ka ɗaure da hannun ƙasa da ɗan sassauci saboda ko ya zille ba zai yi tsalle ya same ka ba. Ka cire kotafin da notin bol ɗin sama wanda ya haɗa kan kinfin da hannun shokozoba, ka sassauta bol ɗin da ya matse hannayen shokozobar biyu a tsakiya don su ɗan buɗe, ka fitar da bol ɗin. Ka riƙe hob ɗin, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kai, kar ya faɗo waje. Sai bol ɗin ƙasa, in ya fita duk kinfin da hob da faifan birki zasu taho hannunka, da nauyi fa. Daga nan ka ɗan sassauta notin ciki na hannun ƙasa don ya iya sauka, ka koma gefe, ba gaban sifirin ba, ka riƙa sauke jak kaɗan kaɗan har sifirin ya miƙe gaba ɗaya ka ga yana motsi da hannu. Sai a lokacin ka kwance sarƙar. Wani abu kuma, duk wannan dabarar tana aiki ne in inji yana cikin motar. In an cire inji gaban ya yi sauƙi, jak zai ɗaga motar ne gaba ɗaya maimakon ya matse sifirin, a nan dole sai da abin matse sifirin na gaske.

Bol ɗin ƙasan nan shi ne yake ɓata wa mutane rana. Yana ratsawa ne ta cikin wani bututun ƙarfe, in an daɗe ba a sa giris ba sai tsatsa ta haɗe su su zama abu ɗaya, kana juya bol bututun na juyawa, ka buga ya ƙi fita. Kar ka yi ta dukansa har ka lanƙwasa hannun, ka zura zarto tsakanin hannun da kinfin ka yanke shi ta gefe biyu, ai dama sabo zaka sa. Kuma in ya fita ka kalli ramukan da ke bakin hannayen ƙasan, in sun zama kamar ƙwai maimakon zagaye, hannayen sun tafi, sabon bol ba zai gyara su ba.

A Spitfire kuma abin ya fi daɗi ta wani wajen, domin bonet ɗin gaba ɗaya yake buɗewa ya kifa gaba, kana iya zama a kan taya kana aiki. Sifirin da shokozoba tare suke fita a matsayin abu ɗaya: noti uku a sama, bol ɗaya a ƙasa da ya ratsa hannun ƙasa. Notin tsakiya na saman shokozoba, wannan kar ka taɓa shi, shi ne kaɗai yake riƙe da sifirin a matse. Sai ka fitar da abin gaba ɗaya ka kai kan tebur, ka sa abin matsewa, ka matse har ka ga farantin saman ya saki, sannan ka kwance na tsakiyan. Sifirin ɗin siriri ne, irin abin matsewa mai ƙugiya na manyan motoci sau da yawa ba ya kama shi da kyau, mai faranti biyu da dogayen sanduna masu zare ya fi. In baka da wanda ya zauna daram, gaskiya ka ɗauki abin ka kai wa mai injin matsewa ya raba maka, aikin minti kaɗan ne a wajensa, sauran duk ka yi da kanka.

Tironiyan da kinfin

Wannan wajen ne zan fi daɗewa saboda shi ne yake karya Triumph a kan hanya. Ƙarfen da ke tsaye yana riƙe da hob, ƙasansa zare ne, kuma yana shiga cikin ƙoƙon tagullar nan, duk lokacin da ka juya sitiyari zaren ne yake juyawa a ciki, nauyin motar kuma yana kansa. In ruwa ya shiga ko mai ya bushe, tsatsa tana cin ƙarfen daidai inda zaren ya fara daga sama, wata rana kana juya kan mota a hankali zaka shiga wani wuri sai ya karye tayar ta kwanta a cikin madigadi. An fi ganin haka a tafiyar sannu da sitiyari a murɗe, lokacin da nauyin ya fi taruwa a wajen.

Ka cire hob da farantin da ke bayan faifan birki don ka samu wurin juyawa, ka cire bol ɗin da ya ratsa tironiyan da hannun ƙasa, shi ma yana da halin manne wa bututunsa kamar na MGB, maganinsu ɗaya. Ka raba bol joyin na sama, bol biyu ne ke riƙe da shi tsakanin hannayen sama. Yanzu ka warware tironiyan daga zaren, ka tuna na gefen hagu zarensa a juye yake, na dama kuma yadda aka saba, kuma ba a musanya su, sababbin ma da alamar hagu da dama suke zuwa. Ka wanke zaren tas da fetur ko kananzir ka kai shi haske ka duba da kyau. In ka ga ramuka ramuka na tsatsa, ko wuyan ya sirance, ko zaren ya yi kaifi kamar wuƙa, ka canza ƙarfen gaba ɗaya, kar ka ce ai zai ƙara shekara. Sabon tironiyan a kan ruɓaɓɓen zare ɓata kuɗi ne.

Wajen mayarwa ka sa sabuwar robar hana ruwa a sama, ka zuba man giya EP90 a cikin ƙoƙon, ka murɗa shi har ƙarshe sannan ka dawo da shi baya zuwa wuri na farko da zai fuskanci daidai kuma ya iya juyawa hagu da dama ba tare da ya cije ba. Man giya kamfanin ya ce a sa, ba giris ba. Akwai masu gardama a kan wannan har gobe, amma ni ina bayan mai, domin giris in ya tsufa yana daskarewa ya toshe hanya, sabo ya kasa isa zaren, mai kuwa yana bin zaren ya sauka. Ka nemi mai lamba GL4, ya fi zama lafiya da tagulla. A jikin ƙarfen akwai ɗan toshi da ake cirewa a sa kan giris, wato ɗan bakin da bindigar giris ke kamawa, sai ka cika bindigar da mai ka tura har ya fito ta ƙarƙashin robar. Bushin na gefen tironiyan na roba mai tauri ne da washa washa da zobban hana ruwa, jerinsu yana da rikitarwa, nan ne ɗaya gefen da ka bari a haɗe zai yi maka rana.

Kinfin na MGB kuma giris yake so, kuma da yawa. In yana wasa, bushin ɗin da ke cikin ƙarfen hob ne suka cinye, sababbin kuma in an buga su sai an rarake su da wani dogon abin rarakewa na musamman don na sama da na ƙasa su zo a layi ɗaya. Sayen wannan abin saboda mota ɗaya bai da ma'ana, masu sayar da kayan waɗannan motocin suna bada wanda aka riga aka gyara a haɗe ka basu tsohon naka, wannan hanyar nake ba kowa shawara.

Shokozoba mai hannu bol huɗu ne ke riƙe da ita. Ka kama ta a bais, wato ƙarfen matsewa na kan tebur, a tsaye yadda take zama a mota, ka ja hannun sama da ƙasa har ƙarshe, ya kamata kaji nauyi iri ɗaya babu inda zai tafi fayau. In tana zubar da mai ta gindin hannun ko hannun yana girgiza gefe da gefe, a canza ta, kuma ka tuna ita ce hannun sama, wasanta wasan taya ne. Kar ka kusanto da wuta kusa da kowace irin shokozoba.

Bushin

Tsohon bushin yana fita da bais da soket biyu, ƙarami yana turawa babba yana karɓa, ko dogon bol da noti da washa. Ka goge ramin ya yi sumul, in kana da hali ka yi wa hannun fenti. Na roba da ruwan sabulu ake shigar da shi, giris da man inji suna cin roba. Na foliyuretan kuma, wato wata irin roba mai tauri, da nasa man yake zuwa a ɗan ƙunshi, ka shafa shi sosai in ba haka ba zai dame ka da ƙara, yana daɗewa kuma yana sa sitiyari ya ƙara kaifi amma motar tana ɗan ƙara tauri a kan gargada. Masu MGB da yawa suna sa bushin ɗin MGB V8 a hannun ƙasa saboda ya fi na asali ƙarko, kuma ra'ayi ne mai kyau ga motar yawo.

A Spitfire in ka cire maƙalan hannun ƙasa daga shasi zaka ga siraran faranti a bayansu. Ka ƙirga na gaba daban na baya daban, ka ɗaure su da waya ka rubuta, da su aka daidaita kwanciyar tayar, in ka juya su motar zata riƙa ja gefe.

Haɗawa

Komai yana komawa ta hanyar da ya fito, ka shafa man hana kamawa a wuyan duk bol da ke ratsa bututu saboda wanda zai kwance nan gaba. A MGB ka zaunar da sifirin a gurbinsa sama da ƙasa, ka mayar da sarƙa, ka ɗaga da jak a hankali kana kallon bai goce ba, har ka iya haɗa kinfin ƙasa da sama.

Boris ka wanke ka duba, in akwai tabo ko ya canza launi a canza shi da zobensa tare, ka cusa giris cikin ƙwayoyin da tafin hannu. Ɗaurinsa ma ya bambanta. A Triumph kana juya hob kana ɗaure notin a hankali har wasan ya ɓace, sai ka ɗan dawo da shi baya zuwa ramin kotafin, ana barin ɗan wasa kaɗan da gangan. A MGB akwai bututu da siraran washa tsakanin boris biyun, notin ana ɗaure shi tamau, wasan kuma da waɗannan washa ake saita shi, inci 0.002 zuwa 0.004. Wanda ya ɗaure na Triumph tamau irin na MGB zai ƙona boris, wanda ya bar na MGB sako-sako irin na Triumph shi ma ya ɓata.

Toh ga inda mutane da yawa suke zubar da aikinsu. Duk notin da ya ratsa bushin na roba, na cikin hannun ƙasa da na sama da na ƙasan shokozoba, kar ka ɗaure shi tamau motar tana sama. Robar ba juyawa take a kan bol ba, murɗewa take, in ka kulle ta tayar na lilo, da ka sauke motar zata zauna a murɗe har abada, gaban motar ya yi tsayi, bushin kuma ya yage da wuri. Ka kama su da hannu kawai, ka sa taya, ka sauke, ka danna gaban motar sau da yawa, ka tura ta gaba da baya ta zauna, sannan ka ɗaure da sifanar auna ƙarfi yadda littafi ya ce. Motocin nan gajeru ne, shiga ƙarƙashi da wuya, don haka ko ka hau da tayoyin kan katakai masu faɗi masu kauri iri ɗaya, ko ka sa jak ƙarƙashin hannun ƙasa ka ɗaga har nauyin motar ya dawo kansa sannan ka ɗaure. In ramin kotafin bai zo daidai ba a kan irin waɗannan notin, ka ƙara ɗaurewa kaɗan zuwa rami na gaba, ba a sassautawa, boris na Triumph ne kawai ake dawo da shi baya.

Ka mayar da kalifa, ka juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama kana kallon tiyon birki bai murɗe ba kuma ba ya gogar taya ko sifirin. Ka tura giris a duk kan giris na kinfin har sabo ya fito, zai fi shiga in nauyi ba ya kansa.

Alaimen da gwaji

Ko ka ƙirga zagayen tayarod daidai, sabon bushin ya canza komai, sai an auna. A gida zaka iya kusantowa: mota a ƙasa, sitiyari a tsakiya, ka tura ta gaba kaɗan ta tsaya, ka auna tsakanin bakin rim na hagu da na dama ta gaba, a tsayin tsakiyar taya, ka sake aunawa ta baya a tsayi ɗaya. A MGB na gaba ya kamata ya gaza na baya da inci 1/16 zuwa 3/32, sauran motocin ka duba littafinsu. Ka gyara hagu da dama daidai wa daida don sitiyari ya tsaya a miƙe, ka sassauta abin da ya ɗaure robar rak kafin ka juya sandan kar robar ta murɗe ta yage, sannan ka kulle notin. Bayan kowane gyara ka sake tura motar kafin ka sake awo. Duk da haka ka kai ta wajen masu na'ura su tabbatar, musamman in ka taɓa siraran farantin Spitfire.

Kafin motar ta motsa ka taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri, domin fad sun ja baya lokacin da ka cire kalifa, takun farko zai iya tafiya har ƙasa. Ka fara da tafiyar sannu a wurin da babu mutane, ka juya hagu da dama, ka taka birki, ka saurara. Ka dawo ka taɓa hob biyun da bayan hannu, ɗumi ba komai, zafin da ba zaka iya riƙewa ba kuwa boris ya matse ko birki na kamawa. Bayan kamar kilomita 150 zuwa 200 ka sake ɗaga ta ka bi duk notin da sifana ɗaya bayan ɗaya, ka sake girgiza tayar sama da ƙasa, ka sake auna tsayin gaban domin sabon sifirin yana ɗan zama, in ya sauka sosai a sake duba alaimen.